Daga Ayari zuwa Tasha: Tarihin Sufuri da Kuɗin Mai a Kudancin Nijar

Gabatarwa

A ƙasar Nijar waɗanda suka mallaki mota tasu ta kansu ƙalilan ne ƙwarai, amma duk da haka babu gidan da kuɗin mai bai shafa ba. Manomin Dakoro ko na Mayahi, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, yana biyan kuɗin mai a cikin kuɗin gishirin da ya saya, da na takin zamani, da abin da ɗan kasuwa ya rage masa a kan buhun wakensa don kuɗin ɗauka. Ranar da matarsa ta kasa haihuwa a gida kuma, kuɗin man motar da za ta kai ta likita shi ne abin da za a fara nema. Ke nan wanda ba shi da mota ya fi mai ita dogara gare ta, domin shi ba ya da zaɓi.

Nufin wannan maƙala shi ne a bi diddigin yadda aka kai ga wannan hali. Za mu fara daga zamanin ayari, mu biyo ta kan cinikin gyaɗa da hanyoyin kwalta, har mu iso ga matatar mai ta Damagaram. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi guda ne: a cikin shekara ɗari da ƴan kai, ƙasar ta musanya abin hawan da ke cin ciyawar dajinta da wanda ke shan abin da sai an saya, ba ta kuwa sami hanyar jirgin ƙasa da za ta rage mata nauyi ba, sa'an nan sau da yawa a wata ƙasa ake yanke farashin da mutanenta za su biya.

1. Zamanin ayari

Kafin zuwan Turawa, sufuri a ƙasar Hausa aiki ne na raƙumi da jaki da takarkari da kan ɗan Adam. Manyan hanyoyi uku ne suka ratsa ƙasar da ake kira Nijar a yau. Ta farko ita ce ta hamada, wadda ta taso daga Tarabulus ta biyo Gat da Agadas da Damergu da Damagaram ta ƙare a Kano. Ta biyu ita ce ta gishiri: kowace kaka Abzinawa kan ƙetare Tenere da dubban raƙuma zuwa Fashi da Bilma, su sayo gishiri da dabino, su gangaro da su kudu. Ta uku ita ce ta goro, wadda fatake ke bi da jakuna zuwa Gwanja.

Wannan sufuri yana da tsari cikakke. Akwai madugu mai shugabancin ayari, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai zanguna da aka sani, akwai fatoma mai saukar da baƙi ya kuma yi musu dillanci, akwai fito da garama da ake biyan sarakuna. Tafiya kan ɗauki makonni ko watanni, ga ƴan fashi, ga ƙishirwa, kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya bayi ne. Saboda haka babu dalilin a ɗauki zamanin a matsayin na jin daɗi. Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa ƙarfin da ke tura ayari daga cikin ƙasa yake fitowa. Raƙuman da suka kawo gishiri kan yi rani a gonakin Damagaram da Katsina da Kano suna cin kara da harawa, suna bar wa manomi taki, kafin damina su koma arewa da gero. Kuɗin sufuri a hannun makiyayi da manomi da fatoma yake juyawa.

2. Jirgin Kano da gyaɗa

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Shekara goma sha biyu bayan haka, a 1911, hanyar jirgin ƙasa da Ingilishi suka shimfiɗo daga kudu ta iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta kama Tarabulus. Daga nan hanyar hamada ta mutu, domin hajar da a da take yin watanni a bayan raƙumi ta koma isowa Kano ta teku da jirgi cikin ɗan lokaci, a kan kuɗi kaɗan. Ƙwacen raƙuma da sojan Faransa suka riƙa yi don ɗaukar kayansu ya ƙara raunana Abzinawa, yana kuma cikin dalilan tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917, wanda ya ƙare da asarar rayuka da dabbobi masu yawa.

Jirgin bai shigo Nijar ba, amma ya juya fuskar kasuwancinta zuwa kudu. Reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, wato ya zama akwai tashoshi uku kusa da iyaka. A shekarun 1930 noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasashen Magarya da Matamai da Tasawa da Maraɗi, domin da kuɗin gyaɗa talaka ke biyan haraji. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a kasuwanni. Da farko raƙuma da jakuna ne ke kai gyaɗar bakin jirgi, har masu dabbobi suka sami sabuwar sana'a. Mota ta riga ta bayyana: ayarin motocin Citroën da ya ratsa Afirka a 1924 zuwa 1925 ya bi ta Yamai da Damagaram. Amma hanyoyin da aka share da aikin tilas na rairayi ne da laka, mai yana da tsada, kayan gyara sai daga nesa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka rufe iyaka da Nijeriya kuma mai ya yi wuya, dabbobi ne suka ci gaba da ɗaukar nauyin ƙasa.

Bayan yaƙi al'amari ya sake. An soke aikin tilas a 1946, an fara gyara hanyoyi da injuna, manyan motoci suka yawaita. Lissafin ba mai wuya ba ne: raƙumi kan ɗauki wajen kilo 150, motar ton goma kuwa tana kwashe kayan raƙuma sittin da ƴan kai, ta kuma yi tafiyar mako a yini guda. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 mota ta karɓe dogon zango. Attajiran Maraɗi da aka sani da Alhazai, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, da yawansu da sayen gyaɗa suka fara, da suka yi ƙarfi suka sa dukiyarsu a manyan motoci.

Harshe ma ya adana wannan tarihi. Kalmomin mota da lori da direba da tasha da taya da birki da fetur da kananzir duk daga Ingilishi suka shigo, ta hanyar Kano, domin daga can abin da suke nufi ya fara zuwa. Kalmomin kamyo da gudro da esansi da gazuwal da bido da duwan kuwa daga Faransanci suke, sun biyo hukuma da makaranta da hanyar Yamai. Bahaushen Nijar yana amfani da rukunin biyu, wani lokaci a jumla guda. Sauran kuma Hausa ce ta ƙera su da kanta, kamar karen mota da gidan mai da gargada. Har karin magana mota ta shiga, inda ake cewa kowa ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci.

3. Hanyar Dahome

Faransawa ba su ji daɗin ganin amfanin gonar ƙasar da suke mulki yana bin jirgin Ingilishi zuwa Ikko ba. Sun mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, suna kuma da niyyar kawo jirgi daga Kotonu har bakin kogin Kwara. Hanyar ta kai Paraku a 1936, tsawon kilomita 438, ta tsaya nan. Daga Paraku zuwa Yamai saura fiye da kilomita 600, kuma mota aka bar wa su.

A 1953 aka ƙirƙiro wani shiri mai suna Hirondelle, wato tsattsewa. Manyan motoci kan ɗauko hajar da jirgi ya sauke a Paraku su hauro da ita arewa, su koma kudu da gyaɗa, hukuma kuma ta cika gibin kuɗin don kada hanyar ta fi ta Kano tsada. An gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 1958, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta sufuri tsakanin Dahome da Nijar, wato OCDN, a 1959. Da aka sami mulkin kai a 1960 sabuwar gwamnati ta ɗora a kan wannan tsari: ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, ta kuma kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN, a farkon shekarun nan. A kakar 1966 zuwa 1967 gyaɗar da aka saya ta kai wajen ton 190,000, kusan dukkanta kuwa a bayan mota ta bar gona.

A nan ne tushen matsalar yake. Ƙasa ce mai faɗi wadda ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kotonu ya haura kilomita 1,000, daga Yamai zuwa Damagaram kusan 900. A wancan lokaci duk abin da za ta sayar da duk abin da za ta saya sai ya yi wannan tafiya a kan taya, man da motar za ta sha kuma shi ma a mota ake kawo shi daga bakin teku. Wato ana ƙona mai don a kawo mai.

4. Fari, uraniyom da kwalta

Shekarun 1973 da 1974 sun haɗa wa Nijar masifu biyu. Fari ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa, har da na ɗaukar kaya, ya kuma karya noman gyaɗa. A daidai lokacin ne farashin gangar ɗanyen mai a kasuwar duniya ya ninka sau huɗu, daga wajen dalar Amurka 3 zuwa wajen 12. Hatsin taimako ya taru a tashoshin jiragen ruwa, kai shi Tanut ko Cin Tabaraden kuwa ya zama sai da mota da mai da hanya, ukun kuma duk sun yi ƙaranci. Rashin isar abinci ga mabukata yana cikin dalilan da soja suka bayar sa'ad da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974.

Darasin da hukuma ta ɗauka shi ne a ƙara hanyoyi, kuɗin uraniyom kuma ya ba ta hali. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, farashinsa ya hau bayan tsadar mai. A cikin shekarun 1970 aka ci gaba da malala kwalta a babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Doso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram har zuwa Ngigmi, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai. A ƙarshen shekarun aka gina ta Tawa zuwa Agadas da Arlit. A 1977 aka kafa SONIDEP don ta riƙa shigo da mai da ajiye shi. Motocin SNTN suka riƙa jigilar matafiya tsakanin manyan garuruwa a kan lokaci da farashi sananne.

Wannan ci gaba ne na gaskiya, domin tafiyar da ke cin kwanaki ta koma ta yini. Sai dai kowace sabuwar hanya ta ƙara ɗaure ƙasa ga mai. Kasuwannin bakin kwalta suka cika, waɗanda hanya ta kauce wa suka ja baya. Da farashin mai ya sake tashi a 1979, na uraniyom kuma ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga bashi da tsuke bakin aljihu. Kamfanonin hukuma suka raunana, aka sayar da wasu, ɗaukar matafiya ya koma hannun masu zaman kansu. Ƙauye ya dogara ga tsofaffin motocin da ke zuwa ranar kasuwa kaɗai, a cika su da mutane da buhuna da awaki.

5. Man Nijeriya

A shekarun 1970 gwamnatin Nijeriya ta fara sayar wa mutanenta mai da rangwame. Iyakar ƙasashen biyu ta kai wajen kilomita 1,500, mutanen gefe biyu kuma dangin juna ne masu harshe guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, tazarar farashi ta buɗe ƙwarai, mai ya riƙa ƙetarowa ta Ilela zuwa Ƙonni, ta Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ta Daura zuwa Matamai da Magarya da Damagaram, a cikin gangaye da jarkoki da tankunan motoci da aka faɗaɗa musamman. A bakin tituna matasa suka jera shi a kwalabe, ana kiran su ƴan ruwa-ruwa. Karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994 ya tsananta tsadar man hukuma da kayan gyaran mota, bai kuma kashe wannan ciniki ba.

A kan wannan mai mai araha ne sufurin garuruwan kudu ya ginu. Babur ɗin haya, wato kabu-kabu, ya bayyana a garuruwan iyaka irin su Ƙonni tun shekarun 1980, da baburan Sin masu sauƙin kuɗi suka shigo bayan 2000 kuwa ya game birni da ƙauye, daga bisani keke mai ƙafa uku, adaidaita sahu, ya biyo baya. A Yamai, wadda mutanenta ba su wuce wajen 30,000 a 1960 ba amma suka haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012, motocin safa na birni ba su taɓa wadatarwa ba, sai taksi da ƙananan motocin da ake kira faba-faba suka cike gurbi. Tsakanin garuruwa kuma kamfanoni masu zaman kansu irin su Rimbo da Azawad da Sonef suka kafa tashoshinsu.

Ribar wannan hali a fili take: dubban matasa sun sami abin yi, talaka ya sami abin hawa. Asararsa kuwa ita ce baitulmali ya rasa haraji, gobara ta yawaita a gidajen da ake ɓoye mai, hukuma kuma ta sami uzurin barin sufurin jama'a ba tsari. Babbar illa ita ce zanen aro ba ya rufe katara. Duk ranar da Nijeriya ta rufe iyaka, kamar daga 1984 zuwa 1986 da kuma daga 2019 zuwa 2020, ko aka yi ƙarancin mai a Kano, a ranar kuɗin kabu-kabu ke tashi a Maraɗi.

6. Matatar Damagaram da abin da ya biyo baya

A 2008 Nijar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin don haƙar man Agadem. Ran 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ, wajen kilomita 50 arewa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a yini, abin da ya zarce bukatar ƙasa a lokacin har ana sayar da rara waje. Mutane suka sa rai mai zai yi araha. A 2012 aka sa lita a kan sefa 579, a 2013 aka rage zuwa 540, wato dala 108. Dalilin da aka bayar shi ne bashin gina matatar da kuɗin rarraba man. Man Nijeriya ya ci gaba da fin sa sauƙi, har ya zama a garin da ake tace mai ana sayen na fasa-ƙwauri a kwalba. Yadda talauci ke sa a yi kasada da rai saboda lita guda ya bayyana a Yamai a watan Mayu 2019, sa'ad da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, mutane suka taru suna ɗiba, ta kama wuta ta hallaka fiye da mutum 50. A watan Agusta 2022 aka ƙara kuɗin gazuwal daga 538 zuwa 668, nan da nan kuɗin ɗaukar kaya ya tashi, ƙungiyoyin farar hula suka yi ta ƙorafi.

Shekarar 2023 ta juya al'amarin gaba ɗaya. Ran 29 ga Mayu sabon shugaban Nijeriya, Bola Tinubu, ya sanar da janye rangwamen mai. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Cinikin ruwa-ruwa ya durƙushe. Ran 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka rufe gadar Gaya, haja ta koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso da rakiyar soja, tafiya ta ƙara tsawo da tsada. A watan Yuli 2024 hukuma ta rage lita zuwa sefa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma zuwa 618. Da kowa ya koma gidajen mai na hukuma, bukata ta fi ƙarfin matatar, a watan Maris 2025 aka yi dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa. Wannan ya faru ne bayan da aka fara fitar da ɗanyen man Agadem zuwa teku a 2024, ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 da ya ƙare a gaɓar Benin. Abin da ya fito fili shi ne shekara da shekaru wani babban kaso na man da ƙasa ke sha ba ya cikin lissafin hukuma, baitulmalin Nijeriya ne ke biyan rangwamensa.

Jirgin ƙasa kuwa, an shimfiɗa wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma ba a haɗa shi da Paraku ba, bai kuma shiga jigila ba. A 2021 aka ɗora harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, shekara 110 bayan isowar jirgi Kano.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo abubuwa uku. Na farko, dogara ga mota a Nijar ya samo asali ne daga shawarwarin da aka yanke a lokuta sanannu: tsayawar jirgi a Kano da Paraku, shirin tsattsewa, zuba kuɗin uraniyom a kwalta kaɗai, da janyewar hukuma daga ɗaukar matafiya. Na biyu, samun rijiyar mai da matata bai isa ya kare talaka ba, muddin kowane buhu da kowane majinyaci sai ƙaramar mota ko babur ya ɗauke shi, domin su ne suka fi shan mai idan aka auna da abin da suke ɗauka. Na uku, dabba ba ta bar aiki ba. Amalanken jaki da na shanu, waɗanda aka yaɗa tun shekarun 1960 da 1970, su ne ke kai taki gona, su kawo ruwa da itace da amfanin gona, har gwamnati ta hana fitar da jakuna waje a 2016 sa'ad da cinikin fatarsu ya nemi ƙarar da su. Duk tsarin sufurin da bai lissafa da su ba ya bar rabin ƙasa a baya.

Akwai aikin da ya rage wa masu bincike. Tarihin tashoshin mota da ƙungiyoyin direbobi da ƴan kamasho, da na matan da ke bin kasuwannin mako, mafi yawansa a bakin mutane yake. Tsofaffin da suka yi jigilar gyaɗa zuwa Kano da Paraku, da waɗanda suka bi ayarin Bilma suna yara, suna ƙarewa. Ya kamata a ɗauki maganarsu, a rubuta ta da harshen da suka faɗe ta, tare da farashin da suke tunawa na buhu da lita da kujerar mota, domin da irin wannan shaida ce za a iya auna abin da kowane ƙarin kuɗin mai ya ci daga rumbun manomi.